Kula da Giyar Mota

Jawabi ga direbobi, masu motoci da makanikai

Jama'a, a cikin dukan kayan da aka harhaɗa aka yi mota, in an ɗauke inji, babu wanda ya kai giya tsada, kuma babu wanda ake yi wa riƙon sakainar kashi kamarta. Mai mota ba ya mance ranar juyen baƙin mai. Kowace safiya yana duba ruwan lagireto, yana harbin taya da ƙafa don ya ji ko akwai iska. Amma in aka tambaye shi rabonsa da duba man giya, sau da yawa sai ya yi shiru, wani ma bai san giya tana da nata man dabam ba. Ran da mota ta tsaya a tsakiyar hanya, inji yana ta kuka amma taya ba ta motsi, sai a ce giya ta mutu farat ɗaya. Alhali kuwa da wuya giya ta mutu farat ɗaya. Takan yi watanni tana ba da alama, ba a dai kula ba ne.

Akwai dalilin da ya sa wannan magana ta zama tilas. A shekarar 1975 ne aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, da na Volkswagen a Ikko, watau Legas. Daga nan har shekaru masu yawa, motar da ta cika hanyoyin ƙasar nan ita ce 504, wadda kowa ya sani da sunan fijo. A kanta dubban direbobi suka koyi tuƙi, a ƙarƙashinta kuma dubban makanikai suka koyi sana'a. Giyarta ta hannu ce, mai lamba huɗu da ribas, mai haƙuri ƙwarai da gaske. Ko baƙin mai irin na inji aka zuba mata ta karɓa, domin littafinta ma haka ya ce a yi. In batir ya mutu a tura ta ta tashi, in ta lalace a ɗaura mata igiya a ja ta daga wannan gari zuwa wancan, babu abin da zai sami giyarta.

Yau kuwa galibin ƙananan motocin da ake shigowa da su ta tashar jiragen ruwa ta Ikko ko ta Kwatano, musamman waɗanda suka fito daga Amurka, masu giyar otomatik ne. Mota ta sake, amma ɗabi'un da aka gada daga zamanin fijo ba su sake ba, ana ta koya wa yaran mota da yaran gareji su kamar yadda aka same su. Waɗansu daga cikin ɗabi'un nan har gobe suna da amfani. Waɗansu kuwa su ne ke kashe giya, wata ma tana kashe mutane.

Aikin giya

Inji ba shi da ƙarfin kirki sai yana juyi da sauri. Ko mota tana tsaye yakan juya sau 700 zuwa 800 a minti ɗaya, a kan hanya kuwa sau 2,000 zuwa 3,000. Ita taya, ko mota tana gudun kilomita 100 a awa, juyinta a minti bai wuce sau 800 da ɗoriya ba, sa'ad da mota za ta tashi kuwa daga tsaye cik take farawa. Saboda haka dole a sami mai shiga tsakani, wanda zai karɓi saurin inji ya mai da shi ƙarfi. Wannan shi ne giya. A lamba ɗaya, wadda tsofaffin direbobi ke kira lambawan, inji yakan juya kamar sau 14 kafin taya ta juya sau ɗaya, shi ya sa mota take iya tashi da kaya ko ta hau tudu. A lamba ta ƙarshe kuwa juyi uku ko huɗu sun isa, sai mota ta yi gudu ba tare da inji ya wahala ba. Duk wanda ya taɓa lura da keken ɗinki, yadda babbar ƙafa ke juyawa a hankali tana sa ƙarama gudu, ya riga ya fahimci asalin abin.

Duk wannan ƙarfi ta kan haƙoran ƙarfe da boris yake bi, abin da ke hana ƙarfe cin ƙarfe kuwa ɗan siririn mai ne wanda bai kai kaurin takarda ba.

Giyar hannu da kuloci

A motar da ke da giyar hannu, abin da ke fara gajiya shi ne kuloci. Faifai ne da aka matse tsakanin ƙarfe biyu. In direba ya taka, faifan ya saki, inji ya rabu da giya. In ya ɗaga ƙafa, faifan ya kama. Muddin yana kame sosai ko yana sake sosai ba ya cinyewa. A tsakanin biyun ne yake gogawa ya yi zafi. Don haka direban da ya mai da kuloci matashin ƙafa, da wanda ke riƙe mota a kan tudu da rabin kuloci maimakon ya ja birkin hannu, da wanda ke tashi da lambatu don ƙyuyar canji, duk suna ƙona faifan da kansu. Direba mai natsuwa yakan yi shekaru da faifai ɗaya, wani kuwa a cikin watanni ya gama da shi, alhali mota iri ɗaya ce, hanya ɗaya suke bi.

Gane faifan da ya cinye ba wuya. In mota tana babbar lamba aka taka totur, kukan inji ya ƙaru amma gudu bai ƙaru ba, ko aka ji ƙauri a kan tudu, to faifai ya fara zamewa. A canja shi tun da wuri, domin in aka bari zafin yakan ɓata ƙarfen da yake kamawa, gyaran abu ɗaya ya koma na uku. In kuwa giya ce take ƙin shiga, ko tana gurnani sa'ad da ake sa ta, kada a yi gaggawar sauke ta. A fara duba ɗan kwanon man kuloci, wanda man birki ake zuba masa, domin sau da yawa yoyo ne ko iska ta shiga, kulocin ba ya saki sosai.

A cikin giyar akwai waɗansu zobba na tagulla waɗanda aikinsu shi ne daidaita saurin haƙora biyu kafin su haɗu. Su ne suka sa direban yau ba ya bukatar taka kuloci sau biyu kamar direbobin manyan motocin dā. Fizgar giya da ƙarfi yana cinye su, haka nan man da bai dace ba. Ba kowace giyar hannu ce ke shan baƙin mai kamar fijo ba. Da yawa suna bukatar man giya mai lamba 75W-90 ko 80W-90, kuma a jikin galan akan rubuta GL-4 ko GL-5. Na biyun an yi shi ne musamman don aksul na baya, akwai kuma giyoyin da ba ya yi wa zobbansu daɗi. Littafin mota shi ne alƙali. Makanikin da ya san aikinsa yakan fara kwance notin zubawa na gefe kafin ya kwance na juyewa da ke ƙasa, don kada ya zubar da mai sa'an nan ya tarar noti ya ƙi kwantuwa. Yakan kuma duba maganaɗisun da ke jikin notin ƙasa a motoci da yawa. Ɗan baƙin gari mai laushi ba kome ba ne. Ɓarɓashin ƙarfe da ake ji a yatsa kuwa labari ne mara daɗi.

Giyar otomatik

A Amurka aka fara sayar da motoci masu irin wannan giya da yawa, wajen shekarar 1940, saboda haka ba sabon abu ba ne a duniya. Abin da ya kamata mai sauraro ya riƙe game da ita shi ne, a nan mai ba don santsi kaɗai yake ba. Tsakanin inji da giya babu kulocin takawa, sai wani ƙarfe mai siffar ƙwarya rufaffiya, cike da mai. A kwatanta fanka biyu suna fuskantar juna, an kunna ɗaya, iskarta tana juya ɗayar. Haka abin yake a cikin ƙwaryar nan, sai dai mai ne a maimakon iska. Har wa yau man ne, da ƙarfin famfo, yake bi ta waɗansu 'yan hanyoyi masu ƙunci ya matse fayafayan da ke canja lamba, waɗanda makanikai ke kira faiba. Shi ne kuma yake kwashe zafi ya kai shi lagireto ya huce. Watau shi ne mai ɗaukar ƙarfi, shi ne hannun da ke canja giya, shi ne ruwan sanyaya ta. In ya ragu, ko ya tsufa, ko aka zuba wanda ba nata ba, duk ayyukan nan sun taɓu gaba ɗaya.

Babban abokin gabansa zafi ne. Yana aiki daidai a wajen digiri 80 zuwa 90 na ma'aunin santigiret. In ya riƙa wuce haka yakan ƙone a hankali, ya yi duhu, ya rasa ƙarfinsa, robobin ciki su bushe, faiba ta fara zamewa, zamewar kuma ta ƙara zafi. A duba fa halin da mota ke aiki a ƙasar nan: zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri da kan haura digiri 40 a inuwa, cunkoson Ikko inda mota za ta yi awa biyu tana ja da tsayawa, ƙurar hunturu da ke toshe lagireto, ga kuma lodi. Motar da aka yi don mutum biyar sai a ɗora mata takwas da buhunan hatsi a but. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a shekarar 1988, tana hukunta masu lodi fiye da ƙima saboda haɗarinsa ga rayuka, amma ko jami'i bai tare direba ba, giyarsa tana rubuta masa tara, kuma sai ya biya.

Masu ƙera motoci da kansu sukan ba da ƙa'ida biyu, ɗaya ta aiki mai sauƙi, ɗaya ta aiki mai tsanani. Kusan duk motar da ke ƙasar nan a ƙa'ida ta biyu take. A ƙarƙashinta littattafai da yawa suna cewa a canja man otomatik tsakanin kilomita 40,000 zuwa 60,000. A lura kuma, motar da ta fito daga Amurka da mil take ƙirga tafiya, mil ɗaya kuwa ya ɗan haura kilomita ɗaya da rabi, saboda haka mil 30,000 ya kusa kilomita 50,000. Sa'an nan ba kowace lamba da aka gani a allon motar da aka sayo ta hannu ce gaskiya ba, akwai masu mai da ita baya. Wanda ya sayi irin wannan mota ya ɗauka ba a taɓa canja mata man giya ba, sai in an nuna masa takarda.

Duba man yana da ƙa'idarsa, kuma ta bambanta da ta baƙin mai. A yawancin motocin Toyota masu sandar awo, sai mota ta ɗumi, an tsayar da ita a wuri mai daidai, an zagaya da sandar giya kan kowane harafi an dawo da ita P, sa'an nan a duba inji yana aiki. A motocin Honda da yawa kuwa nan da nan bayan an kashe inji ake dubawa. Sababbin motoci da dama ba su da sandar awon ma sam, sai a gareji ake duba su ta ƙasa. A ɗiga man a kan farin ƙyalle. Ja mai haske lafiya ce. Ruwan ƙasa-ƙasa alama ce lokaci ya yi. Baƙi mai ƙauri yana nuna an riga an yi ɓarna. In kuwa ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga, kada a ƙara tuƙa motar ko zuwa bakin titi. Cikawa fiye da layi ma illa ce, domin man yakan yi kumfa, kumfa kuwa ba ta matse faiba.

Ruwa yana shiga ta hanya biyu. Ko dai bututun man da ke ratsawa ta cikin lagireto ya fashe, ko kuwa mota ta shiga ruwa mai zurfi ya bi ta ƙofar shan iskar giya. Wanda ya ga yadda ruwa ya shanye hanyar Lokoja a 2012 da 2022, ko yadda ambaliya ta mamaye Maiduguri a watan Satumba na 2024, ya san motoci nawa ne kan kwana a cikin ruwa. Irin waɗannan motoci akan wanke su, a gyara inji, a kai kasuwa, giyar kuwa sai bayan makonni take nuna abin da ya same ta, domin ruwa yana ɓamɓare fuskar faiba daga ƙarfenta a hankali.

Wata magana ta yaɗu a garejoji da tashoshin mota, wai ba a canja man giyar otomatik, in an canja giya za ta mutu. Masu faɗin haka ba ƙarya suka ƙaga ba, sun ga abin ya faru. Amma in aka bi diddigi, ɗayan biyu ne. Ko dai an zuba man da ba na motar ba, ko kuwa ba a tuna da canjin ba sai da giya ta riga ta fara fizga, faiba ta cinye, garinta da ke yawo a tsohon man shi ne ɗan abin da ya rage yana kamawa. Da aka juye shi sai asirin giyar ya tonu. Laifin na jinkiri ne, aka ɗora wa sabon mai. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga motar da ta daɗe ba a canja mata ba, shawarar da ta fi kwanciyar hankali ita ce a juye ta noti kawai a cika, kada a sa injin tura mai da ƙarfi. Juyewa ɗaya ba ta fitar da fiye da sulusi zuwa rabin man, sauran yana cikin ƙwaryar nan, don haka a yi 'yan ɗaruruwan kilomita a sake, har launin ya washe. Inda akwai matata a cikin kwanon ƙasa, a canja ta tare.

Batun irin man kuwa, a nan ne aka fi yin asara. Kasancewar mai ja ne ba ya nufin duk ɗaya ne, launin rini ne kawai aka sa don a bambanta shi da baƙin mai. Tsofaffin motoci da yawa suna shan Dexron. Toyota tana da T-IV, tana kuma da WS ga na baya-bayan nan, ba a musanya su. Honda tana da DW-1, wanda ya maye gurbin Z1. Sa'an nan ga wata giya dabam da ake kira CVT, wadda ba ta da lambobi, sai bel na ƙarfe da ke gudana tsakanin ƙafafu biyu masu buɗewa da tsukewa. A ido ba a bambanta ta da otomatik, harufan jikin sandarta ɗaya ne. Tana cikin motocin Nissan da yawa tun daga Murano ta 2003, da Honda Accord mai silinda huɗu daga 2013, da yawancin Toyota Corolla na Amurka daga 2014. Man kanta gare ta, in aka zuba mata na otomatik bel ɗin yakan zame ya kankare ƙafafun, wannan kuwa ba ya gyaruwa da araha. Sau da yawa an rubuta sunan man a kan sandar awo ko a kusa da notin zubawa. A karanta kafin a aiki yaro kasuwa. A saya a rufe da hatiminsa a wurin dillali sananne, a buɗe a gaban mai mota, domin jabun mai da ake ɗurawa a tsohon galan yana nan, Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa ta sha kama shi. Bayan an juye, a huda galan ɗin kafin a yar.

Waɗansu ɗabi'un tuƙi ma suna ci mata tuwo a ƙwarya. Mai da sanda daga R zuwa D mota ba ta gama tsayawa ba yana dukan faiba kowace rana. Ajiye mota a gangare a kan P kaɗai yana ɗora nauyinta duka a kan wani ɗan ƙugiya da bai fi yatsa ba. A fara jan birkin hannu tukuna. In mota ta kafe a yashi ko taɓo, kai da komowa tsakanin D da R da totur a ƙasa yana dafa man a cikin 'yan mintoci. Turawa kuwa ba ta tayar da otomatik na zamani, wahala ce kawai. Mafi muni shi ne ja da igiya. Famfon da ke zagaya da mai inji ne ke juya shi, in inji yana kashe ana jan mota, kayan cikin giya suna juyi a bushe. Waɗansu littattafai sun yarda da ɗan gajeren ja a hankali, waɗansu sun hana sam. Abin da ya fi shi ne a ɗaga tayoyin da ke jan motar daga ƙasa, ko a ɗora ta a kan babbar mota. Mutane da yawa sun kai mota gareji saboda fulogi ko famfon fetur, suka isa da matacciyar giya.

Sakin mota a gangara

Duk abin da aka faɗa a baya asarar dukiya ce. Wannan kuwa ta rai ce. Tun daga ranar 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin man fetur, kuɗin mai ya zama babban abin da ke damun kowane direba, kuma ba laifi ba ne mutum ya nemi hanyar tsimi. Sai dai wata tsohuwar dabara ta ƙara samun magoya baya, watau cire giya a saki mota ta gangara da kanta, wani ma har ya kashe inji.

A zamanin kafireto wannan yakan rage ɗan mai kaɗan. A motar zamani mai injekta kuwa lissafin ya juye. In mota tana cikin giya tana gangara, direba ya ɗaga ƙafa daga totur, kwamfutar motar takan yanke fetur gaba ɗaya, domin tayoyi ne ke juya inji. In aka cire giya kuwa dole a ci gaba da ba inji mai don kada ya mutu. Watau mai cire giya ya fi wanda ya bar ta shan mai.

Ko da a ce akwai riba, a duba abin da aka bayar. Mota a cikin giya inji ne ke riƙe ta. In aka cire, nauyinta duka ya koma kan birki, birki kuwa in ya daɗe a take yakan yi zafi ya daina kamawa, man birkin ma ya tafasa, ƙafa ta nutse har ƙasa. A babbar mota mai birkin iska, in inji ya koma ƙaramin juyi famfon iska ba ya cika tanki da sauri, direba yana takawa iskar tana ƙarewa, in kuma gudu ya yi yawa giyar ba za ta yarda ta koma ba ko ya yi ta fama. Wanda ya kashe inji ya ƙara wa kansa biyu: birki ya yi tauri, sitiyari ya yi nauyi, in makulli ya koma baya ma sitiyarin ya kulle. Hawan Kibo da ke kan hanyar Jos zuwa Akwanga ya ci rayuka masu yawa, kuma duk wanda ya taɓa saukowa daga tsaunin Mambila ya san doguwar gangara ba a yi mata wasa. Garin neman gira kada a rasa ido. Ƙa'idar tsofaffin direbobin kirki tana nan daram, ita kam zamani bai sake ta ba: lambar da aka hau tudu da ita, da ita ake saukowa, kuma tun daga sama ake sa ta, ba a tsakiyar gangara ba. Mai otomatik ma yana da wannan dama. Harufan L da 2 da ke ƙasan D, ko alamar ragi a sababbin motoci, don wannan aiki aka sa su.

In giya ta fara ciwo

Alamomin sanannu ne: jinkiri kafin ta kama in an sa D ko R da safe, fizga ko duka wajen canji, inji ya yi kuka tsakanin lamba da lamba, jan ɗigo a inda mota ta kwana. Wani lokaci kuma mota takan maƙale a lamba ɗaya tak, yawanci ta uku ko ta biyu, fitila ta kama a allo. Wannan ba mutuwa ba ce, kwamfutar motar ce ta ga matsala ta tsare giyar don a iya lallaɓawa zuwa gareji. Motocin Amurka tun daga 1996, da na Turai masu fetur tun daga 2001, suna da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari inda ake soka na'urar bincike ta faɗi inda ciwon yake. Sau da yawa wata 'yar na'urar auna gudu ce ta mutu, ko waya ta tsinke, ko ɗan bawul na lantarki ya toshe, abin da kuɗinsa bai kai ushirin kuɗin giya ba. Saboda haka makanikin da ya ce a sauke giya bai duba mai ba, bai sa na'ura ba, ya yi gaggawa, kuma mai mota yana da haƙƙin ya nemi ra'ayin wani. Haka nan ƙaras-ƙaras da ake ji in an karya kwana ba daga giya yake ba, robar shaf ce ta yage, giris ya fita, ƙasa ta shiga.

In ta tabbata sai an sake giya, akasari ta hannu ake samu, a Ladipo ta Ikko, ko Nnewi, ko Panteka ta Kaduna, ko Ƙofar Ruwa ta Kano. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗinta ya yi tashin gwauron zabi, don haka ba cinikin da za a yi da ka ba ne. Mota iri ɗaya, shekara ɗaya, tana iya zuwa da giya iri biyu ko uku, saboda haka a kwafi lambar da ke jikin tsohuwar a gwada da ta sabuwar, a ƙirga kafofin wayoyinta. A buɗe kwanon ƙasa a ga launin man da abin da ya kwanta a ciki. Kafin a ɗaura, lalle a wanke bututun da ke zuwa lagireto, domin garin tsohuwar giya yana maƙale a ciki, in ba a fitar da shi ba zai koma cikin sabuwar a ranar farko. A sa sababbin robobin hana yoyo tun tana ƙasa, a zuba mata nata man. Sa'an nan mai saye da mai sayarwa su rubuta a takarda kwana nawa aka ba da na gwaji, da lambar giyar, da wanda zai biya kuɗin saukewa in ta ƙi, kowa ya sa hannu a gaban shaida, a kuma yi wa giyar alama da fenti kafin ta bar shago.